Gargaɗi: Da sunan marigayi mahaifina ya cinye mini naira 485,000

Naira 485,000. Yau kwana tara ke nan ina kwana ina tashi da wannan adadin a kaina. Na so in haɗiye abina in yi shiru saboda kunya, sai jiya na ga mutumin da ya damfare ni ya sake buɗe wani shafin da wani suna daban, yana cigiyar iyalan waɗanda suka rasu a jirgin da ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano a 2002. To wallahi shiru ya ƙare.

Kafin wani ya zo ya karanta mini kwaɗayi mabuɗin wahala, ya tsaya ya ji tukuna. Ni ba yaro ba ne. Shekara 14 ina koyar da lissafi a sakandare, ni ne mai hana mutanen gidanmu danna saƙon "ka ci kyauta". Ba da kuɗi ya fara kama ni ba. Da Baba ya kama ni.

Mahaifinmu yana cikin mutum 261 da suka rasu a jirgin alhazan da ya faɗi a Jidda ranar Alhamis 11 ga Yuli, 1991, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Ina da shekara shida. Abin da nake iya tunawa shi ne an share tsakar gida, an dafa abincin taryar alhaji, daga baya abincin nan shi aka ba 'yan gaisuwa. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Duk tasowata abin da ake gaya mana bai wuce "jirgin ya kama wuta" ba, sai a ce Allah ya jiƙansu, a canza magana.

Sai ga kira bayan sallar isha'i. Ya yi sallama cikakkiya, ya ce, "Malam, da ɗan marigayi Alhaji wane nake magana?" Ya faɗi sunan Baba har da na kakanmu, ya faɗi garinmu. Ya yi masa addu'a doguwa, har ya karanta Ƙulhuwallahu. Hausarsa tas, murya a kwance irin ta dattijon da ya san girman mutane. Ya ce shi lauya ne, yana aiki da wani kwamiti da ke bin haƙƙin iyalan alhazan. Wannan kiran nake ta maimaitawa a raina. Da na ce "ba shi ba ne" na kashe waya, da yanzu 485,000 ɗina tana nan.

Amma ta yaya zan kashe? Mutumin ya tambaye ni, "Malam, an taɓa gaya muku abin da ya kayar da jirgin nan kuwa?" Na ce a'a, Barista. Tun a daren na fara kiransa Barista, kun ji wauta. Sai ya warware mini komai dalla-dalla. Ya ce jirgin ƙirar DC-8 ne, hayarsa aka ɗauko daga wani kamfanin Kanada don jigilar alhazai. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, kuma masu gyara sun sani. An nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi ba a samu a kusa ba, wanda ke kula da jigilar kuma ba ya son a makara, aka ce a tafi a haka. Jirgin na cikin gudu a kan titi tayoyi biyu na ɓangaren hagu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gurzar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su san wuta na ci ba, don babu na'urar da za ta sanar da su a wannan wurin, suka naɗe tayoyin zuwa cikin jirgi da wutarsu. Wato da hannunsu suka shigar da gobarar ƙarƙashin fasinjoji. Suka juyo za su koma filin jirgin Sarki Abdul'aziz, wuta ta cinye daɓen da kujeru ke kai, jirgin ya faɗi saura kamar kilomita uku ya kai titin sauka. Fasinja 247, ma'aikata 14, babu wanda ya fita.

Ina riƙe da waya ina kuka, ni mai 'ya'ya huɗu. Sama da shekara 30 babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini yadda Baba ya rasu sai wannan ɓarawon. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, duk abin da ya faɗa a kan jirgin gaskiya ne. Na bincika daga baya, haka yake babu ragi. Ku gaya mini wanda ba zai yarda ba.

Dubu 300 ita ce ta ƙarshe, ita ce ta adashen matata. A'a, bari in koma baya. Ta farko 35,000 ce, wai kuɗin fom da rajista. Wannan ban ma ji ta ba, a wurin mai POS na bakin kasuwa na tura, har ina yi masa godiya da ya tuna da mu. Kafin nan, ko bayan nan ne, na manta, na dai tambaye shi tambayar da duk mai hankali zai yi: Barista, wace irin diyya ce za ta zo bayan wannan tsawon shekaru? Kun ga ai ban tafi ido rufe ba. Na tambaya.

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Malam, ai kai mai ilimi ne." Ya kawo mini jirgin Amurka da aka tarwatsa da bam a saman garin Lokabi na Sikotilan a Disambar 1988, mutum 270 suka mutu, sai a 2003 Libiya ta amince za ta biya dala biliyan 2.7, kowane mamaci dala miliyan 10. Ya kawo na kusa da mu, jirgin Faransa da ya taso daga Barazabil ya biya ta Injamena, ya tarwatse a saman hamadar Tenere a Nijar ranar 19 ga Satumba, 1989, mutum 170, shi ma sai a 2004 aka cimma biyan dala miliyan 170. Ya ce, "Ka gani? Shekara 15 suka jira. Haƙƙin mamaci ba ya ruɓewa." Na duba a waya a daren, na ga haka ne. To me ya rage? Ya ce rabonmu dala dubu 120 ne, har ya tuna mini cewa gado ne, sai an raba yadda shari'a ta ce, a fitar wa Inna tumuninta. Ɓarawo yana koya mini rabon gado, ni kuma ina gyaɗa kai ina cewa wannan mutumin mai tsoron Allah ne.

Ta biyu 150,000, wai ta takardar rantsuwa a kotu da fassara ta zuwa Faransanci saboda ofishin yana Kanada. Na sayar da ragon da nake kiwo na cika da albashi. Ya turo mini takarda mai hatimi ja da sunan Baba a jiki, lamba ta 88 a jerin. Ina da ita, zan ɗora ta ku gani. Yayana da na nuna masa ya juya ta ya ce, "Kai, wanda zai ba ka dala shi ne zai rasa kuɗin fassara?" Na ce Yaya, kai dai ba ka son a taɓa maganar Baba ne. Haka na gaya wa yayana, wanda ya bar makaranta ya riƙe mu bayan rasuwar. Har yau ban iya haɗa ido da shi ba.

Sannan 300,000, wai harajin sakin kuɗi, kuma dole kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a ko a mayar da sunanmu ƙarshen layi. Matata ta kwashi adashe ranar Laraba, jarin ɗinkinta ne. Na ce ta ara mini na kwana uku. Kwana uku na ce mata. 35,000 da 150,000 da 300,000, ku haɗa, malamin lissafi ya haɗa muku: 485,000. Asusu uku daban-daban, sunaye uku daban-daban, babu mai sunan Barista a ciki. Na lura, wallahi na lura, ya ce akawun ɗin yaran ofis ne, na ce to.

Ranar Litinin waya a kashe. Talata hotonsa ya ɓace daga WhatsApp. Adireshin da ya ba ni a Abuja na roƙi wani tsohon ɗalibina ya je, ya tarar da shagon sayar da labule.

Sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada na je wurin lauya na gaske, abokin karatuna, wanda da tun farko na taka na je ko shayi ba zan saya masa ba. Bai ɓata minti biyar ba. Ya ce dokar sufurin jiragen sama ta duniya, tsohuwar ta Waso ta 1929 da sabuwar ta Mantiriyal ta 1999, duka shekara biyu suka ba iyali su shigar da ƙara, in ta wuce ta wuce. Kamfanin Kanadan kuwa ya durƙushe tun 1993, wa zai biya? Na Lokabi da na Tenere bam ne aka dasa, gwamnati ce ta biya bayan takunkumi da matsin lambar ƙasashe, ba su da haɗi da tayar da ta fashe. Mutumin ya jera mini gaskiya tara ne don ta goman ta wuce.

Sunan Baba fa, a ina ya samu? Wannan ne ya fi kunya. Ni na ba shi. Duk 11 ga Yuli nakan ɗora hoton Baba a Facebook, da cikakken sunansa da garinmu, in roƙi jama'a addu'a. Lambata kuma tana nan a shafin. Bayanin jirgin yana intanet, kowa zai iya karantawa ya haddace. Ni da na ɗauka wani sirri ya buɗe mini, ashe karatu ya yi mini. Addu'ar da nake nema wa mahaifina ita ya bi ya same ni. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba, ko sisi ban yafe ba.

Na kai rahoto banki da wurin 'yan sanda, na ba su rasit ɗin duka ukun. Hotunan hirarmu da muryoyin da ya turo suna nan, 41 ne, ina rufe sunan Baba ne kawai in ɗora su daren nan.

In kuna da wanda ya rasu a jirgin Jidda, ko na alhazan da ya faɗi a Kano a Janairun 1973, ko na Gwammaja, ko na Abuja na 2006 da Sarkin Musulmi Maccido ya rasu a ciki, aka kira ku da maganar diyya, kada ku tura ko naira ɗaya. Ku kashe wayar, ku tambayi lauyan da kuka san gidansu.

Inna ba ta san kuɗin sun tafi ba. Na riga na gaya mata haƙƙin Baba zai fito, shekaranjiya ma ta tambaye ni ko Barista ya kira, wai tana so a gina rijiya da sunansa. Na ce mata bai kira ba tukuna.