Injin Tortoise: a hankali yake, amma ba ya kuskure

Kulob ɗin da ke sake gina filin ƙananan jiragen ƙasa na sikelin HO, wato 1:87, don su riƙa tafiya kamar na gaske, ya fara da mahaɗar layin dogo. Injin Tortoise na kamfanin Circuitron na Amurka yana juya ta cikin daƙiƙa uku ko kusa da haka, ba irin fizgar injunan maganaɗisu mai ƙara ba. Volt 12 na DC ya ishe shi, kuma yana ci gaba da danne layin ko bayan ya tsaya.

Ƙafafunsa, wato wuraren haɗa masa wayoyin wuta, takwas ne. Ta 1 da ta 8 na mota ne, sauran shidan makunnai biyu ne, ɗaya ya ba tsakiyar mahaɗa wuta don kada kan jirgi ya mutu a wurin, ɗaya na fitilar sigina.

Wayar ƙarfen da ke zuwa da shi don tura mahaɗar, mai kaurin inci 0.025, tana lanƙwashewa idan katakon da ke ƙarƙashin layin ya yi kauri. A sauya da 0.032. A mahaɗar da kamfanin Peco ke ƙerawa kuwa, sai an cire ɗan sifirin da ke ciki, in ba haka ba su yi ta ja-in-ja. Aibin Tortoise girma: a fili mai hawa biyu, ƙarƙashin bene na sama yana cin wuri sosai.