Na sayi fistol a Houston, ga yadda abin yake

Mutanen Zazzau ina gaisuwa. Tunda na yi wa Yaya zancen bindiga a waya aka ishe ni da tambaya, har wata gwaggonmu a Tudun Wada ta fara cewa wai yaron nan ya shiga wata harka a Amurka, to ga bayani kowa ya huta. Unguwarmu ce a nan Houston, jihar Texas, ta fara lalacewa, ana fasa motoci da dare, ni kuma sai tsakar dare nake tasowa daga aiki, shi ne na ce bari in nemi ƙaramar bindiga in ajiye a gida.

Wallahi da faɗuwar gaba na shiga shagon sayar da bindigogi. Baƙar fata, ga gemu, ga sunan Musulmi, ga turancin da kana ji ka san daga ina mutum ya fito, ni duk tunanina ina buɗe baki in ce bindiga nake so za a danna wa ƴan sanda kira. Sai ga wani tsohon bature ya taso da fara'a yana tambayata me zan yi da ita, tsaron gida ne ko yawo zan riƙa yi da ita, na taɓa harbi, waye da waye a gidan, akwai yara. Ya ce kar in sayi komai sai na gwada, ashe a bayan shagon suna da wurin harbi, ka biya kuɗin haya ka gwada kala-kala har ka samu wadda ta zauna a hannunka. Da na zaɓa ya miƙo min fom, 4473 ake ce masa, tambayoyi ne irin su ko an taɓa ɗaure ka, ko kana shan ƙwaya, ko kotu na nemanka, kuma yin ƙarya a ciki shi kansa babban laifi ne. Ya karɓi lasisin tuƙina da girin kad, wato katin izinin zaman dindindin a Amurka, ya tura sunana wa FBI ta kwamfuta, ban gama shan ruwan da ya ba ni ba amsa ta dawo. Shikenan fa. Babu oga baya nan, babu netwok ya ɗauke, babu dawo ranar Litinin, babu wanda ya sosa ƙeya yana jiran na goro. Na tuna wahalar da na ci kan gyaran harafi ɗaya a sunana a wani ofis a gida, tun asuba ake rubuta suna a takarda a danne da dutse, ka wuni a rana a ce maka tawada ta ƙare. Abin ya tsaya min a rai har yau, an fi saurin ba ni bindiga a ƙasar mutane fiye da ba ni takardar shaidar ni ne ni a ƙasata.

Ita kanta bindigar Glock 19 ce, kamfanin ƙasar Ostiriya, harsashi 9mm take ci, magazin ɗinta, wato gidan harsashi, na ɗaukar 15. Dala 500 da ɗoriya. Kyau kam babu, baƙa ce murabba'i kamar bulo, rabin jikinta roba, amma ba nauyi kuma tunda na fara harba ta ba ta taɓa cijewa ba. Ka ja kunama sau ɗaya harsashi ɗaya ya fita, ita da kanta ta tofar da kwanso ta ɗora na gaba. Abin da ya ba ni haushi, cusa harsashi na ƙarshe-ƙarshe a sabon magazin sai babban yatsa ya yi tsami, sannan ba ta da ɗan makullin nan na gefe da ake turawa, tsaronta a jikin kunamar yake, don haka yatsanka ne makulli. Ga kwanson da zafi yake fitowa, ɗaya ya faɗa min ta wuyan kaftani, da ƙyar na daure ban yi rawa da bindiga a hannu ba don mai kula da wurin yana tsaye a bayana, ka ɗan karkata bakinta gefe zai daka maka tsawa ko kai waye. Ƙararta ko da abin toshe kunne sai ka ji a ƙirji, amma ni har yanzu ba ta kai min ta ƴan bindigar Sarki a hawan daushe daɗi ba, ga hayaƙin albarushi ga kuwwa. Kai, na yi kewar sallah a Zariya.

A gida Najeriya dokar 1959 ta sa fistol cikin makaman da sai da izinin shugaban ƙasa, talaka sai dai bindigar toka, alhali wanda ke tare hanyar Birnin Gwari AK-47 ce a kafaɗarsa ba fom ba komai. Wannan yana min ciwo. Amma in faɗa maku gaskiya ba na fatan a kawo mana tsarin Texas, inda tun 2021 mai shekara 21 zai iya yawo da ita ba lasisi. Mu da ake zare wuƙa kan ƙwallon Turai, mu da ake harbi sama a gidan biki don burga, ga direban bas da ɗan acaba sun gogi juna a Kwangila kowa da fistol a ƙugu, ina dalili. Su ma nan ɗin ba lafiya suke ba, a garin Uvalde na nan Texas a 2022 yara 19 da malamai 2 aka kashe a makarantar firamare, yanzu ɗiyata ana koya musu yadda za su ɓuya a aji in mai bindiga ya shigo. Tawa a akwatin ƙarfe take a kulle, maman yara ma ta ce kar ta gan ta da idonta.

Masu turo min saƙo wai in cusa musu ɗaya a cikin motar da za a yi lodi zuwa Legas, ku rufa min asiri, gidan yari ne nan da can. Kuma Yaya a daina aiko min kilishi, wancan da ka bayar a kawo min a filin jirgi suka ƙwace shi, wai nama ba ya shiga ƙasarsu.