Bidiyon Tailan: A Haska Kai Tsaye Ko A Tace Tukuna?

Wanda ya je Tailan da waya a hannu, ko dai ya haska kai tsaye a Facebook ko TikTok, ko ya ɗauka ya tace, ya ɗora a YouTube daga baya.

Kai tsaye ya fi armashi a bikin Songkran, sabuwar shekararsu ta gargajiya, 13 zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da jama'a ke sheƙa wa juna ruwa a titunan Bangkok. Masu kallo na tambaya, ana ba su amsa nan take. A dai sa wayar a leda. Cikas ɗin shi ne Tailan na gaban Najeriya da awa 6: ƙarfe 10 na hantsi a can, 4 na asuba ne a Kano.

Ni dai tacewa ta fi kwanta mini. Bikin Loy Krathong, wanda galibi a Nuwamba yake faɗowa, da dare ake yinsa, ana sakin 'yan kwandunan ganyen ayaba masu kyandir a kogi. Hoton dare yakan dusashe idan intanet ta yi rauni, alhali wanda aka adana a waya yana nan tangaran, har a ɗora masa bayani da Hausa.

Ga kuma doka. Sashe na 112 na kundin dokokin laifuka na Tailan ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarkinsu. Mai tacewa zai yanke duk wata suɓutar baki kafin kowa ya ji, mai kai tsaye kuwa maganarsa ta riga ta fita.