DJ ko makaɗa: amsa ga Hajiyar da za ta aurar da ɗiya

Hajiya, Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu lokacin lafiya. Kin ce bikin ɗiyarki ya matso, akwai wunin mata a gida nan Mabera, akwai kuma dina, kina tambaya wanne ya fi tsakanin DJ da makaɗa. Bara na aurar da ƙanwata, kuma duka biyun mun ɗauka, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

DJ dai sauƙinsa a fili yake. Ku yi ciniki sau ɗaya, ya zo da kwamfutarsa da lasifikoki, waƙar da aka nema ya sa, ta Hausa ce ko ta kudu ko ta Indiya. In kun sa an yi wa amarya da ango waƙa a situdiyo, shi zai saka ta. Sai dai rayuwarsa duk a kan wuta take. A namu bikin amarya na shigowa aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, muka yi tsuru-tsuru a cikin zafin Afrilu. Ki tambaye shi tun farko wa zai sayi fetur, don tun da aka cire tallafi a 2023 wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Ki kuma duba jerin waƙoƙinsa da kanki, kada wata ta ɓarke a gaban surukai da kowa zai sunkuyar da kai.

Makaɗi kuwa mutane yake kallo. Mai kalangu yana matse shi a hammata, tsarkiya ta ɗaure ko ta saki, sautin ya hau ya sauka kamar harshen mutum, shi ya sa ake cewa kalangu na magana. Kafin a fara, maroƙinsu ya bi ya tambayi sunayen iyaye da kakanni da garin da aka fito. A wuninmu wata gwaggonmu da ƙafa ke damunta tana zaune can gefe a tabarma. Mawaƙin ya kira sunan mahaifinsu, ya ambaci sana'ar jima da aka san gidansu da ita, 'yan amshi suka karɓa. Wallahi sai ga ta a tsaye tana gyara gyale, hawaye na zuba, tana rawa. Har yau in an tashi hirar bikin, wannan ake fara tunawa. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da kotso da taushi suka yi suna a fadoji. In wunin na mata ne zalla, masu kiɗan ƙwarya ma sun wadatar, ba ruwansu da wuta, maƙwabta kuma ba za su kawo ƙara ba.

Nauyinsu a aljihu yake. Mutum biyar ko shida ne, da abincinsu da motarsu, kuma kuɗin da aka yanka somin taɓi ne, don wanda aka wasa ba ya zama bai yi kyauta ba. Ki sani kuma liƙi ya zama abin taka-tsantsan: dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira da taka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Mu faranti muka ajiye a gabansu, kowa ya sa nasa a ciki.

Da ni ce ke, Hajiya, makaɗa zan kira wa wunin, inda iyaye da dangi suke, in bar wa ƙawayen amarya DJ a dina. In kuɗin na abu ɗaya ne, makaɗan zan riƙe, dinar a haɗa waya da lasifikar zauren. Ki dai aika musu da sunayen dangin ango kwana biyu kafin ranar, kuma ki gaya musu a ajiye kiɗa da zarar an kira sallar la'asar.