Wane irin gini ya dace da makarantar reno? Ku duba wannan kafin ku sauke yashi

Masu niyyar buɗe makarantar reno sukan fara da tambayar kuɗin kujeru da lilo da fenti mai hoton dabbobi. Ni a wurina waɗannan su ne na ƙarshe. Yaro ɗan shekara uku ba zai ce muku aji ya yi zafi ba, kuka kawai zai yi, ko ya yi lamo a kan tabarma, malama ta ɗauka rigima ce. Ginin shi ke yanke yadda yininsa zai kasance, kuma hanyoyin da ke gabanku ba su da yawa.

Rumfar zana ku cire ta daga lissafi. A Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu, a Nuwamban shekarar kuma aka sake yin irinta a Maradi, inda aka rasa aƙalla 25, har gwamnatin Nijar ta hana sa 'yan ajin reno a cikin zana. Kwantena tanda ce a watan Afrilu. Gidan haya da aka mayar makaranta yana da sauƙin farawa, sai dai ɗakin kwana ba aji ba ne: taga ɗaya, ƙofa ɗaya, bayi na manya. Bene kuwa ban yarda da shi ga ƙananan yara ba ko da an gina shi da kyau, balle wanda aka ɗora wa hawa daga baya. Ginin Ita Faji da ya rufta a Legas a Maris 2019, makarantar a saman bene take.

Saura biyu: bulon siminti da rufin kwano, ko bulon jar ƙasa da aka matse da inji. Na farko kowane birkila ya iya shi, kuma yana tashi da sauri. Matsalarsa ya ɗauki zafi ya riƙe, musamman idan aka yi rowar tsawo aka danna silin kusa da kai.

Ni na biyun nake so. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, a matse a inji, a bar ta ta sha ruwa a inuwa kafin a ɗora. Bangon yana da kauri da nauyi, zafin rana ba ya ratsa shi da wuri, sai a tashi yara da azahar ajin bai gama ɗumama ba. Wanda ya nuna wa duniya haka shi ne Francis Kéré, mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso, da makarantar firamare da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001. Ya yi bango da silin na ƙasa, sannan ya ɗaga kwano sama a kan ƙarafa ya bar sarari tsakani, iska mai zafi tana fita ta sama, mai sanyi na shigowa ta taga. Ginin ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2004, shi kuma ya karɓi ta Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022. A nan kusa, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou ta yi aiki da irin wannan bulo a masallaci da laburaren Dandaji a Nijar. Wanda ke ganin ginin ƙasa na marasa hali ne, ya nemi hotunansu ya gani.

Tsarin ma muna da shi a gida. Zaure ɗaya na shiga da fita, inda ake karɓar yaro a kuma miƙa shi ga wanda aka sani. Azuzuwa su kewaye tsakar gida ta yadda malama ɗaya za ta ga kowa daga bakin ƙofa. Baranda mai faɗi, darbejiya ko mangwaro a tsakiya. Tagogi su kalli kudu da arewa, su sauko ƙasa yadda yaro zai hangi waje yana tsaye. Ƙofa ta buɗe zuwa waje, kowane aji da mafita biyu. Bayi ƙarami kusa da aji, famfon wanke hannu daidai tsawonsu. Tayil mai santsi ku bar shi, daɓe mai ɗan kaushi ya fi. Sharaɗin bulon ƙasa dai a ɗaga harsashi da dutse ko kankare, kwano ya leƙo waje sosai, don ruwan Agusta kada ya riƙa dukan bango.

Amma ko wanne kuka zaɓa, masu cuta ne za su iya lalata shi, kuma a nan na ƙone. Ɗan kwangilar da ya rufa mana azuzuwa ya karɓi kuɗin kwano mai kaurin milimita 0.55, ya buga wanda bai kai ba, iskar farkon damina ta yaye gefe guda. Allah Ya taimaka ranar Asabar ce, babu yaro ko ɗaya a ciki. Don haka ku sa a auna kaurin kwano a gabanku kafin a sauke daga mota. Rodi ma haka, ana sayar da siriri da sunan mai milimita 12. Bulon siminti ku ɗaga ɗaya ku sake shi a ƙasa, in ya watse to yashi aka sayar muku. Masu bulon ƙasa su ma sun shigo da nasu salon: su rage siminti, su shanya a rana kwana biyu, su kawo. Ku jiƙa ɗaya a bokiti ya kwana, mai kyau ba ya narkewa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai zanen bogi. Yana da kwamfuta, yana da hatimin da ya aro, zai ba ku zanen gidan kwana ya rubuta "aji" a kan ɗakuna. A Najeriya ku nemi lambar rajistarsa ta ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini, injiniya kuma ta COREN, hukumar injiniyoyi, ku bincika da kanku. Takardar izinin gini kada ku bar ta a hannun ɗan kwangila. A Kano ku taka ƙafa zuwa KNUPDA, hukumar tsara birane mai ba da izinin gini, don ana buga ta jabu. Fenti mai arha da babu sunan kamfani a jiki yana iya ɗauke da dalma, yara kuwa suna lasar bango. Murfin sokawe da na rijiya ku tsaya a zuba su da rodi a kan idonku, kuma kada ku biya kuɗin ƙarshe sai ruwan sama ya sauka a kan rufin kun ga yadda ya yi.