Sharhi: Cocin São Francisco da gidan sufayensa a Salvador, ƙasar Burazil

Duk wanda ya je Salvador, babban birnin jihar Bahiya, sai an ce masa ya shiga "cocin zinariya". Na shiga, kuma ban yi nadamar ɗan kuɗin shigar da na biya ba. Yana unguwar Pelourinho, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, a ƙarshen wani fili mai doguwar gicciye ta dutse a tsakiyarsa.

Daga waje ginin bai da wani ban mamaki, hasumiyoyi biyu ne da bangon dutse. Sai ka tsallaka ƙofa ido ya rasa inda zai sauka. Ginshiƙai da bagadai da bakunan ɗakuna duk katako ne da aka sassaƙa ganyaye, tsuntsaye da mala'iku, aka lulluɓe da ruwan zinariya. Sufaye mabiya Waliyyi Faransis sun iso garin a 1587, ginin farko ya lalace lokacin da 'yan Holand suka kai farmaki, wannan da ake gani yanzu kuma an gina shi tsakanin 1708 da 1723, a lokacin Salvador ce hedikwatar mulkin Fotugal a Burazil. Adon ciki ya ɗauki ƙarin shekaru masu yawa.

Ni dai tsakar gidan sufayen ta fi kama zuciyata. Baranda ce mai kusurwa huɗu, bangonta duka tayil ne shuɗi da fari da aka kawo daga Fotugal, kowane allo da hoto da gajeren rubutun Latin da aka ciro daga maganganun mawaƙin Rumawa Horas, a kan gushewar duniya, kwaɗayin dukiya da zuwan mutuwa. Ina Musulmi, amma wa'azin bai yi mini baƙo ba. Na daɗe a nan fiye da cikin cocin, domin akwai iska da shiru, kuma mutum na iya bin allunan ɗaya bayan ɗaya ba tare da an tura shi gaba ba. Abin da ya dame ni shi ne wasu tayil ɗin sun fara ɓarewa saboda danshi.

Inda ziyarar ta gaza a wurina shi ne labarin da ake bayarwa. Ɗan jagoran da na ɗauka a filin waje ya cika ni da yawan zinariya, sannan ya nuna mini mala'iku masu murtukakkiyar fuska, ya ce bayin da suka yi sassaƙar ne suka ɓata su da gangan don huce haushi. Labari ne da 'yan jagora ke so, masu yawon buɗe ido kuma suna dariya su wuce. Amma iyakar ambaton bayi ke nan. Dukiyar da ta ƙawata wannan gini daga gonakin rake da ramukan zinariya ta fito, kuma gumin 'yan Afirka ne a duka biyun. Bahaushe ba zai tsaya a nan bai ji abin a jikinsa ba. Bayan ɓarkewar jihadin 1804, an sayar da Hausawa da yawa da aka kama a yaƙe-yaƙe, suka ƙare a Bahiya. Su ne suka shirya bore a 1807, sannan a watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka tashi a titunan wannan gari. Cocin ya riga su zuwa da kusan ƙarni guda, amma a gabansa suka yi ta wucewa da kaya a ka. Na so a ce wani ya faɗi wannan ko da a taƙaice.

Saboda haka ina ba da shawara a haɗa ziyarar da shuɗin cocin Rosário dos Pretos da ke gangaren unguwar, wanda ƙungiyar baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, suka gina wa kansu. Tafiyar ƙafa ce kaɗan.

Ni na je ne kafin 5 ga Fabrairun 2025, ranar da wani sashe na silin cocin ya rufto, ya kashe wata matashiya da ta zo yawon buɗe ido, ya raunata wasu, aka rufe wurin. Mai niyyar zuwa ya fara tabbatar da cewa an buɗe. Ya je da safe kafin motocin baƙi su cika filin, ya sa takalmi marar tsini saboda titunan na dutse ne, kuma ya daidaita farashi da ɗan jagora tun kafin su taka ƙofa.