Kashi 25 na fansho ko aikin kwana uku: yadda ta kaya mini a ofishin kamfanin fansho a Kano

Idan maki ake bayarwa, bakwai cikin goma zan ba ofishin kamfanin fanshona da ke nan Kano. Ma'aikatan da ke zaune a tebur sun ci fiye da haka, layin wayarsu ne ya ja su ƙasa. Ba zan kama suna ba, tunda doka ɗaya ce ke tafiyar da dukkan kamfanonin, kuma abin da ya fi ba ni wahala ma ba daga gare su ya fito ba.

Shekara bakwai na yi a sashen kuɗi na wata masana'antar robobi a Sharaɗa. Daga cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa ƙarin kuɗin wutar da aka yi a 2024, kowa a ciki ya san kamfanin numfashi kawai yake yi. Da aka tashi rage ma'aikata sunana ya fito, cikina wata huɗu. Dokar ƙwadago ta ce a irin wannan ragi wanda ya zo ƙarshe shi ake fara sallama, kuma ba ni ce ta ƙarshen zuwa ba. Dokar ta ba mai juna biyu hutun mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi, ta kuma hana a miƙa mata takardar sallama tana cikin hutun. To ni ban kai hutun ba. Yayana ya ce mu je kotun ma'aikata, na dubi ƙafafuna da suka fara kumbura na ce Yaya a bar wa Allah.

Ƙanwar maigida da ke aure a Ingila ta bugo tana cewa ai sai in nemi alawus, don a can gwamnati na biyan mai jego kuɗi har mako 39. Dariya kawai na yi. Mu a nan babu wani alawus na rashin aiki da za ki cika fom ki karɓa. Abu ɗaya da ya yi kama da shi yana cikin dokar fansho ta 2014: wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, zai iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusunsa ba.

Ana cikin haka wata makarantar kuɗi a Hotoro ta neme ni in riƙa taya su lissafin kuɗin makaranta, kwana uku a mako, naira 45,000 a wata, da takardar ɗauka da komai. Ni kuwa ina Gadon Ƙaya. Wannan ne ya kai ni ofishin fansho tun wa'adin bai cika ba, don in ji daga bakinsu in na karɓi aikin me zai sami kashi 25 ɗin.

Ofishin a bene yake, hawa na farko, ba na'urar hawa. Wannan kaɗai ya isa a rage musu maki, domin yawancin masu zuwa dattawa ne da suka yi ritaya, kowa riƙe da fayil a leda, suna hawa suna tsayawa. Sai dai Baba maigadi yana ganina ya ce, «Hajiya, bi a sannu, layinki yana nan,» ya ɗauko mini kujerar roba ya ajiye daidai fanka. Lamba ake bayarwa a ƙofa kuma da ita ake kira, ban ga an tsallake da wani mai babbar riga ba. Akwai tabarmar sallah a lungu, banɗakin mata kuma da ruwa, abin da mai ciki ke fara dubawa a ko'ina.

Matar da ta saurare ni ita ce dalilin bakwai ɗin nan. Ban gama bayani ba ta ce, «Hajiya, ko kwana ɗaya ne a mako, in dai an ba ki takardar ɗauka ana biyanki albashi, aiki ne. Kuma za ki sa hannu cewa ba ki sami wani aikin ba.» Na ce to in makarantar ba ta zuba fansho, wa zai sani? Ta ajiye biro ta dube ni ta ce, «Ke za ki sani.» Ban ƙara wannan tambayar ba. Sana'ar cikin gida kuwa, ta ce, ba ita ake nufi ba.

Daga nan ta juyo mini da fuskar kwamfutar. A asusun akwai naira miliyan 1 da dubu 400 da ɗoriya, kashi 25 ya kama wajen 350,000. Ta ɗauko 'yar takarda muka yi lissafi tare, abin da ba aikinta ba ne. Aikin Hotoro, in na ja shi har cikina ya shiga wata takwas, bai fi albashin wata uku da rabi ba, wato 160,000 ma ba ta cika ba. Daga Gadon Ƙaya zuwa Hotoro adaidaita biyu ne zuwa, biyu dawowa, kuɗin mota kaɗai zai cinye kusan kashi ɗaya cikin uku, ban da jijjigar hanya. Sannan rabin albashin hutun haihuwa sai wadda ta yi wata shida a wurin aiki doka ta tilasta a ba ta, ni kuwa ba zan kai ba. Lissafi ya nuna jira ya fi.

Amma ba ta bar ni na tashi da murna ba. Ta ce kuɗin nan ba tallafi ba ne, nawa ne, kashi 8 da ake cira a albashina da kashi 10 da kamfani ke ƙarawa, da ribar da suka tara. Sau ɗaya ake cirarsa, ragowar kuma sai na kai 50. «In aka sake sallamarki nan da shekara biyar, ba wani kashi 25 ɗin,» in ji ta. Ni da na zo ina ganin kamar tsintuwa zan yi, sai na gane cin bashin tsufana ne zan yi. Har yau ban daina jin wannan a raina ba, kuma duk da haka na cira, saboda kuɗin haya da na makarantar babbar 'yata duk a kan maigida suka dawo.

Inda aka sha fama shi ne takardu. Ana son takardar sallama, takardun albashi na watannin ƙarshe, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru ta kotu, hoton fasfo, lambar asusun banki, wasiƙar neman kuɗin, da wasiƙa daga tsohon wurin aiki cewa sun zuba duk abin da suka cira. A kan wannan ta ƙarshen aka tsaya. Matar ofishin ta sa yatsa a kwamfutar tana gangarowa wata bayan wata, sai ga watanni biyar na ƙarshe fayau, ba ko sisi, alhali a takardar albashina an cire. Doka ta ce a zuba cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, wanda ya yi jinkiri akwai tarar aƙalla kashi 2 a kowane wata. A takarda kenan. A zahiri ni ce da tsohon ciki nake zaman benci a ƙofar ofishin da na yi wa shekara bakwai, yaron da na koya wa aiki yana ce mini, «Anti, manaja ya fita.» Kamfanin fanshon sun rubuta musu wasiƙa, sun ba ni kwafi, amma bibiyar da ƙafata na yi ta. A ganina a nan ya kamata su fi haka tsayawa, domin sun fi ni sanin hanyar kai ƙara ga Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom.

Sai kuma suna. A NIN sunana da «tu» a ƙarshe, a fansho babu, ga shi ɗaya na ɗauke da sunan mahaifina ɗaya da na kakana. Sai da aka sabunta bayanai kafin fom ya shige. Mace da ke da asusun fansho ta je ta duba wannan tun tana da albashi, ba sai ranar buƙata ba.

Layin waya kuwa, kiɗa za ki yi ta sha har katinki ya ƙare. In an ɗauka, Turanci ne, kuma amsar ɗaya ce: ana kan aiki. Umma ta taɓa karɓar wayar don ta yi musu magana, ta miƙo mini ta ce ita ba ta ji ko ɗaya ba. Kamfanin da ke da ofis a Kano ya rasa mai jin Hausa a waya, wannan sakaci ne. Manhajarsu tana nuna abin da ke asusu daidai, amma ba ta nuna inda takardarki ta tsaya.

Kuɗin bai riski kayan haihuwa ba. Da ɗan abin sallamar da aka ba ni da cinikin zoɓo da kunun aya da nake sa wa a firij na yi awo da hoton ciki na sayi zannuwa. Alat ɗin ya shigo bayan suna, ina tsakiyar wankan jego, cif yadda matar ofishin fansho ta lissafa, ba a cire ko kwabo da sunan wani caji ba, ba kuma wanda ya nemi na goro tun daga maigadi har manaja.

Wadda aka sallama tana da ƙaramin ciki, asusunta da ɗan kauri, aikin da ta samu kuma na 'yan kwanaki ne mai nisa, ni dai jira zan ce ta yi, amma ta fara tattara takardu tun ranar da aka ba ta sallama, kafin waɗanda suka san ta a ofis su watse. Wadda ba ta fi shekara biyu tana zubi ba, kashi 25 ɗinta ba zai kai albashin wata biyu ba, ta karɓi aikin. Tun watan Nuwamban 2020 ana iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara, na kuma yi tunanin yin haka saboda layin wayar nan, sai dai na fasa. Makarantar Hotoro sun ce in leƙo in zango ya kama, in gurbin yana nan.